Littafin Tela Ba Ya Ƙarya: Shawara Ga Mai Rage Ƙiba

Saura mako uku ƙaramar sallah na kai wa mai ɗinkina atamfa. Ta daɗe tana yi mini ɗinki, awona yana cikin wani tsohon littafi mai baƙin bango da take ajiyewa a aljihun keke. Ta warware atamfar, ta ɗago ta dube ni, ta ce, “Anti, da mun sake awo.” Na ce mata babu buƙata, ai awona yana nan. Ba ta ja ba, ta ɗinka yadda na ce. Daren sallah na gwada rigar, ta tsaya a ƙirji ta ƙi sauka. Abin da ya fara zuwa raina shi ne yarinyar nan ta koyi cin yadi. Kafin ita na zargi wanki da tsuke mini kaya, na zargi kyamarar waya da faɗaɗa fuska, har benen wurin aiki na ce matakalarsa ta cika tsayi.

Bayan sallah na mayar mata da rigar ina faɗa. Ta shimfiɗa ta a tebur, ta ɗora tef, ya yi daidai da abin da ke littafi. Sannan ta zagaya tef ɗin a ƙuguna. Inci takwas ne tsakani. Ta rubuta sabuwar lambar a ƙarƙashin tsohuwar, ba ta ce uffan ba.

Shekara biyu bayan haka, na sauke kilo 28, na sake tsayawa gabanta. Ta auna, ta rubuta lamba ta uku. Na leƙa littafin na ce, “Ki ƙara mini inci huɗu, kada ya matse ni.” Ta ajiye biro ta ce, “Anti, wallahi wancan jikin ba ya nan yanzu.”

A ranar na gane abin da nake so in faɗa miki yau, 'yar uwa. Idon da ya ƙi ganin ƙiba tana shigowa, shi ne dai yake ƙin ganin ta tana fita. Ido yana makara, zuciya ta fi shi makara. Duk wadda za ta sauke nauyi mai yawa tana buƙatar shaidun da za ta jingina da su har idonta ya iso.

Abin da ya sa muke kau da kai

Ƙiba ba ta sallama. Kilo biyu bana, uku baɗi, kafin shekara goma mutum ya ɗauki nauyin rabin buhun shinkafa yana yawo da shi bai ankara ba. Suturarmu kuma mai rufin asiri ce. Zani duk inda aka ɗaura shi ya ɗauru, hijabi da abaya sun lulluɓe, babbar riga da wando mai mazagi ba sa tona wa Alhaji asiri.

Ga kuma abin da muka taso a kai. A wurinmu ƙiba shaidar hutu ce. Amarya ta zo ganin gida, abin da ake fara dubawa shi ne ko ta murje. In ta yi ɓulɓul a ce ango ya iya kiwo. Mai jego a yi ta ɗura mata kunun kanwa da gasasshen nama har arba'in, in ta fito jiki ya cika a yaba wa uwarta. Namiji ya ajiye tumbi a ce naira ta zauna. Har gobe akwai 'yan matan da ke shan ƙwayoyin da ake kira “sha ka fashe” don su ciko, alhali wasu daga cikinsu dexamethasone ne, maganin da in aka daɗe ana sha ba da izinin likita ba yakan kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. Wadda ta girma tana jin ana yi wa ƙiba kirari, yaya za a yi ta yi saurin ganin ta a matsayin matsala?

Sai mu samo wa kanmu kalaman kwantar da hankali. “Gado ne, haka gidanmu muke.” “Ƙashina ne mai nauyi.” “Jikin haihuwa ne.” “Ni fa ba wani cin kirki nake yi ba.” Kowace magana a cikinsu tana da ɗigon gaskiya, shi ya sa suke da wuyar saki. Gado yana da hannu a ƙiba, haihuwa ma haka. Amma gwiwa ba ta tambayar daga ina nauyin ya fito, ɗauka kawai take yi har ta gaji.

A ƙarƙashin duk wannan akwai kunya da tsoro. Wadda aka taɓa kiran ta lukuta a tsakiyar kasuwa, ko ɗan kamasho ya ce sai ta biya kuɗin kujera biyu, ta san zafin da take gudu. Kau da kai garkuwa ce da zuciya ta ɗauka don ta kare kanta. Saboda haka kada ki zagi kanki a kan shekarun da kika yi ba ki duba ba. Ba ke kaɗai ba ce kuma: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022, cikin kowane mutum takwas a duniya ɗaya yana da ƙibar da ta kai matsayin cuta.

Shaidun da ba su san kara ba

Ƙawa za ta yi miki kara, miji zai yi kawaici, madubi kuma abin da kika saba gani yake nuna miki. Ki nemi waɗannan.

Na farko, sikeli da ma'aunin tsayi. Ma'aikatan lafiya suna raba nauyi a kilo da tsayi a mita sau kansa, lissafin da suke kira BMI. Misali, mai tsayin mita 1.6 da nauyin kilo 90: 1.6 sau 1.6 ya ba da 2.56, a raba 90 da shi a sami 35. Daga 25 nauyi ya fara wuce kima, daga 30 ƙiba ta zama abin nema wa magani. Lissafin ba ya bambance tsoka da kitse, don haka a haɗa shi da shaida ta biyu.

Ki sami zare ko igiya, ki yanka daidai tsayinki daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ki ninka biyu, ki zagaya a cikinki ɗan sama da cibiya. In bakin biyu suka haɗu, madalla. In suka ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa, shi ne kuwa ya fi kusanci da ciwon suga da ciwon zuciya. Maigida ma ya gwada, don maza da yawa hannu da ƙafa ba sa nuna komai, duk nauyin yana tumbi.

Na uku, ki je asibiti a auna jininki da suga. Hawan jini da ciwon suga dukansu sukan yi shekaru a jiki ba su ce komai ba.

Na huɗu, jiki magayi. Ki lura da kanki a kan darduma. Kina iya zaman tahiya ba tare da kin karkace ba? Kina tasowa daga sujada ba sai kin dafa bango ba? Kina haki daga ɗaki zuwa ƙofar gida? An taɓa ce miki kina minshari har numfashinki yana ɗaukewa?

Na biyar shi ya fi ɗaci. Ki yi kwana bakwai kina rubuta duk abin da ya shiga bakinki a daidai lokacin da ya shiga. Ni da nake rantsuwa ba na cin kirki, sai ga shi a takarda: shayi kofi uku kowanne da suga cokali uku, ɗanɗanon girki, ragowar taliyar yara da nake ƙyashin zubarwa, cincin a gaban talabijin, lemon kwalba bayan la'asar. Babbar kwalbar lemo guda tana iya ɗaukar suga cokalin shayi goma ko fiye.

In kin tara shaidun nan, ki faɗa wa mutum ɗaya da kika amince da shi lambar da kika gani, da bakinki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da aka furta shi ya daina zama dodo.

Ki fara da ɗan ƙaramin buri

Da ido ya buɗe sai gaggawa ta shigo, mutum ya so ya zubar da na shekara goma kafin bikin wata mai zuwa. A nan masu sayar da shayin rage tumbi suke cin kasuwarsu. Yawancin irin waɗannan gudawa da fitsari suke sa wa, ruwa ya fita, kitse yana nan. Saurin ramewa kuma yana iya jawo tsakuwa a matsarmama. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya wadatar.

Burinki na farko ya zama kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinki. Mai kilo 100 ta nufi 95, sannan 90. Kada ki raina wannan. A wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, an bi mutane sama da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka ɗora wa burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwarsu da cutar ta ragu da kashi 58 cikin 100. Masu binciken ciwon gwiwa kuma sun gano cewa duk kilo ɗaya da aka sauke yana rage wa gwiwa nauyin wajen kilo huɗu a kowane taku.

Ba sai kin bar abincin gida ba. Ki rage malmalar tuwo, ki ƙara miyar ganye, ki rage mai. Kwaɗon zogale, wake, kifi da ƙwai su samu wuri a kwanonki, lemon kwalba ya koma na lokaci-lokaci. Tafiyar minti 30 sau biyar a mako ita ce minti 150 ɗin nan, ko a tsakar gida aka yi ta ta yiwu. Mai ciki, mai shayarwa, da wadda ke shan maganin suga ko na hawan jini, ta fara ganin likita tukuna, domin in nauyi ya ragu yawan maganin ma yakan buƙaci gyara.

Jiki ya tafi, madubi bai sani ba

Wannan ne sashen da ba wanda ya gargaɗe ni a kansa. Na sauke fiye da kilo 20, amma ina karkacewa in zan wuce ƙofar da ta ishe ni. In na je biki sai na tattaɓa kujerar roba kafin in zauna. A Adaidaita Sahu ina takurewa ina ba da haƙuri, ga fili a gefena. In na kalli madubi kuwa, tsohuwar fuskar nake gani.

Dalilin shi ne ƙwaƙwalwa tana riƙe da taswirar jiki: faɗinsa, inda ya tsaya, irin wurin da zai shige. Taswirar da aka yi shekara 15 ana zanawa ba ta gogewa a wata shida. Likitoci sun daɗe da sanin cewa wanda aka yanke wa ƙafa yakan ji ƙaiƙayi a yatsun da babu su, kuma abin da ke samun mai sauke ƙiba ɗan uwan wannan ne. Ga shi kullum kina ganin kanki, kamar uwar da ba ta lura ɗanta ya yi tsayi ba sai baƙo ya faɗa. Haɗarin shi ne ki ce wahalar banza kike yi ki watsar, ko ki ƙara matsa wa kanki yunwa kina bin ramar da ba za ki taɓa gani ba.

Ga abin da ya taimake ni. Duk farkon wata ki ɗauki hoto a wuri ɗaya, da kaya iri ɗaya, ki jera su. Ido ya fi yarda da hoto biyu a gefen juna. Ki ajiye tsohuwar riga guda ɗaya, duk ranar da zuciya ta ce babu abin da ya sauya ki zura ta. Sauran kayan ki kai a rage su ko ki bayar. Muddin kina yawo cikin kayan da suka yi miki yawa, tsohon awo kike maimaita wa ƙwaƙwalwarki.

Ki sauya yadda kike magana a gaban madubi. Ki tsaya minti biyu ki faɗi abin da kike gani kamar mai ba da shaida, ba zagi ba yabo: wuya ya fito, zobe yana juyawa a yatsa, damtse ya saki. Sannan ki buɗe shafi ki riƙa rubuta abin da jikin ya fara iyawa. Ranar da na yi sallar asham a tsaye daga farko har ƙarshe, na rubuta kwanan watan, kuma har yanzu ya fi mini kowace lamba daraja.

Ki kuma shirya wa abubuwan da ba su da daɗi. Fata takan saki a ciki, damtse da cinya, musamman in ƙibar ta daɗe ko shekaru sun ja. Takan ɗan koma a hankali cikin shekara ɗaya zuwa biyu, motsa jikin da ke gina tsoka yana cike gurbi, amma wani sashe yana iya zama, kuma babu man shafawar da zai ɗauke shi. Nankarwa takan dushe, ba ta ɓacewa. Gashi yakan zuba kamar wata uku bayan saurin ramewa, yawanci ya dawo. Sanyin hunturu zai fi shigar ki. Sanin waɗannan tun da wuri yana hana su zame miki dalilin nadama.

Akwai kuma na zuci. Wasunmu mun rataya komai a kan rama: in na rame zai daina kallon waje, in na rame zan samu miji, in na rame zan yi farin ciki. Nauyi ya tafi, matsalar tana zaune inda take, don dama ba a sikeli take ba. Wata kuma sai ta ji haushin yadda mutane suka fara sakar mata fuska, ta ce ashe da can ba a ɗauke ni mutum ba. Wannan haushin yana da hujja. Sai dai kada ki shiga sahunsu ki riƙa nuna tsohon hotonki kina tsaki. Matar da ke cikin hoton ita ta ɗauki ciki ta haihu, ita ta yi hidimar gida da wannan nauyin, ita ce kuma ta yi ƙarfin halin hawa sikeli ranar farko. Albarkacinta kike ci.

Bakin mutane

“Lafiya kuwa? Kin rame!” Za ki ji wannan har ki gaji. Wata ta ce ko kishiya za a yi miki, wata ta raɗa cewa ciwon zamani ne. Mahaifiya hankalinta ya tashi, uwar miji ta shiga tunanin za a ce ɗanta ba ya ciyarwa. Magidanci ya rage tumbi, a majalisa a fara tambayar ko kasuwa ce ta karye. Magana irin wannan tana iya mayar da mutum baya fiye da yunwa.

Ki tanadi amsa guda, gajera, ki riƙa maimaita ta da fara'a: “Lafiya lau, alhamdu lillahi, ragewa nake yi saboda gwiwa da hawan jini.” Ba kowa ne ya cancanci dogon bayani ba. Amma maigida da iyaye ki zaunar da su tun farko. Ki ce, “Umma, ga takardar asibiti, ga abin da aka ce in yi, ki sa mini albarka.” Uwar da aka nemi addu'arta takan zama mai tsaron tukunya. In kin je gidan mutane aka kawo abinci, ki karɓa, ki taɓa, ki yaba, in da hali ki ce a zuba miki ki tafi wa yara da shi. An kiyaye zumunci, an kiyaye lafiya.

Tsoron da mutanenmu ke yi wa rama yana da tushe, kada mu manta. Wanda yake ramewa ba da niyya ba, har ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata shida zuwa shekara, ya garzaya asibiti. Tarin fuka, ciwon suga, cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon daji duk sukan fara da haka.

In sikeli ya fara hawa

Kau da kai yakan dawo ta bayan gida. An sha azumi da soye-soyen buɗa-baki, an ci naman layya, sai ki ga kin tura sikeli ƙarƙashin gado kina cewa sai wata mai zuwa. Ki sani jiki da kansa yana ƙoƙarin mayar da abin da ya rasa. A 2011 masu bincike a birnin Melbourne na Ostiraliya sun nuna cewa shekara guda bayan rage nauyi, sinadarin da ke tayar da yunwa yana nan sama da yadda yake a da. Yunwar da kike ji ta gaske ce, ba raunin hali ba ne, kuma shiri ake yi mata.

A Amurka akwai wata rajista da aka buɗe a 1994 ta mutanen da suka sauke aƙalla wajen kilo 14 kuma suka riƙe hakan shekara ɗaya ko fiye. Kusan uku cikin huɗunsu suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako. Ki zaɓi rana guda, da safe kafin karin kumallo, ki hau ki rubuta. Kilo ɗaya ko biyu na iya hawa da sauka saboda gishiri ko jinin al'ada, kada ya tayar miki da hankali. Ki dai ja wa kanki layi: in ƙarin ya kai kilo uku ya zauna, ki koma rubuta abinci a makon nan. Kilo uku ana sauke shi da sauƙi, ashirin kuwa sabon yaƙi ne.

Lokacin neman taimako

In kika ga kina hawa sikeli sau da yawa a yini, kina tilasta wa kanki amai bayan cin abinci, kina shan maganin gudawa don ki rame, al'ada ta ɗauke, ko likita ya ce nauyinki ya yi daidai amma har yanzu ƙatuwa kike gani a madubi, to abin ya wuce shawarar jarida. Haka nan in baƙin ciki ya hana ki barci da shiga mutane sama da mako biyu. Asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna, Kware da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin hauka. Zuciya ma takan yi ciwo, kuma tana da masu duba ta.

Littafin mai ɗinkina yana nan, bangonsa ya ƙara tsufa. A saman shafina suna ɗaya ne, da lambobi uku a jere a ƙarƙashinsa, kuma duk ukun nawa ne. Lamba faɗin riga take faɗa, darajar mai rigar kuwa tana nan yadda Allah Ya yi ta tun a layin farko. Bana da na kai ɗinkin sallah, tana warware atamfar, kafin ta buɗe baki na miƙe na ɗaga hannuwana na ce mata, “Ɗauko tef ki auna.”